Rana na dukanmu a banza, mu kuma muna layin isansi

Maganar da zan yi yau na san ba za ta yi wa kowa daɗi ba, musamman abokaina da ke cewa tunda Nijar ta shiga sahun ƙasashe masu arzikin mai, zancen hasken rana da tattalin isansi zance ne na ƙungiyoyin Turawa. Ku daure ku karanta har ƙarshe, daga nan mai ja ya ja.

Wa ya manta azumin 2025? Watan Maris, zafi ya fara kankama, baki da azumi, ga layin babura da motoci a gidajen mai tun daga Yamai har Tawa, Maraɗi da Damagaram. Ni da kaina na tura babur daga unguwarmu zuwa wani gidan mai, na tsaya tun hantsi, ana gab da zuwa kaina aka ce ya ƙare. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na tarar a garkar kawuna a bakin Gulbi. Ruwa na nan cikin rijiya, bai fi 'yan gabobi ba, injin ban ruwa na nan lafiya lau, amma babu lita ɗaya da za a zuba mishi. Tumatir ya fara langaɓewa, yara na ja da guga suna zuba wa abin da ya samu. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, ku da kuka yi boko ku gaya mini, ba cewa aka yi a Damagaram ake tace man nan ba?" Wallahi ban sami abin ce mishi ba. Rana kuwa tana bisa kanmu, tana ƙona shukar da ita ce ya kamata ta shayar.

Amsar tambayar Kawu tana nan, kuma ba ta da daɗin ji. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011, tana tace ganga 20,000 a rana. Lokacin da aka buɗe ta, abin da ƙasar ke sha bai wuce wajen ganga 7,000 ba, saura ana fitarwa waje. Sai muka ɗauka an gama da matsalar mai har abada. Amma ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17, yau mun haura miliyan 25. Ku ƙirga baburan da suka shigo garuruwanmu a waɗannan shekaru, da adaidaita, da gurup-gurup na shaguna, da injinan ban ruwa da suka cika fadamu. Matata tana nan yadda aka gina ta, masu sha suna ta ƙaruwa. Kuma gangar ɗanyen mai ba duka take zama isansi ba, akwai kason gazuwal, akwai na gas.

To in haka ne, mi ya sa ba mu ga giɓin ba tun da wuri? Saboda ruwa-ruwa ya rufe mana ido. Shekara da shekaru gwamnatin Najeriya na zuba maƙudan kuɗi tana tallafa wa farashin fetur, jarkoki kuma suna tsallako iyaka ta Ɗan Isa, ta Ƙonni, ta Magarya, ta Matamai, ta kowace ɓarauniyar hanya. Kowane lungu da tebur da kwalabe. Muna saye da arha muna jin mun yi wayo, alhali kuɗin baitulmalin wata ƙasa ne ke tuƙa baburanmu. Ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya tsaya a wurin rantsuwa ya ce tallafi ya tafi. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Kwalabe suka fara ɓacewa daga bakin titi, dukan masu saye suka juyo gidajen mai. A watan Yulin 2024 aka rage mana farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, muka yi murna, sha ya ƙaru. Da layi ya yi tsawo a Maris ɗin 2025, jami'an SONIDEP da kansu suka fito suka ce abin da matata ke bayarwa kusan rabin buƙatar ƙasa ne. Jaridun Najeriya kuma suka ba da labarin tankokin mai da aka amince a turo mana daga can. Ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai zuwa teku, ita ce ke jiran tanka daga maƙwabta.

Haka zancen yake a wajen kuran. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa: layin Birnin Kebbi ya ɗauki Yamai da Doso, layin Katsina zuwa Gazawa ya ɗauki Maraɗi da Damagaram. A farkon Agustan 2023, bayan takunkumin CEDEAO, aka latse makunni daga can, muka shiga duhu daga nan. Masu walda, masu niƙa, masu sayar da ƙanƙara, teloli, masu gyaran salula, kowa ya san abin da ya gani. Wanda ke da hali ya tayar da gurup, gurup kuma mai yake sha. Takunkumin bai tashi ba sai a Fabrairun 2024.

Ɗanyen man ma da muke alfahari da shi, ta gidan wani yake bi kafin ya zama kuɗi. Bututun da ya taso daga Agadem ya yi kusan kilomita 2,000 kafin ya isa Seme a gaɓar tekun Benin, an yi shi don ganga 90,000 a rana. Tun jirgin farko a Mayun 2024 muka ga yadda saɓani tsakanin gwamnatoci biyu ke iya tsayar da lodi. Ƙofa uku ke nan: isansi, kuran, da hanyar fitar da mai. Dukansu mabuɗin yana aljihun wani.

Kada wani ya ɗauka zagin Najeriya ko Benin nake yi. 'Yan uwanmu ne, Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya, ba wanda zai raba. Kowace gwamnati tana da haƙƙin duba aljihunta, Najeriya ba ta ɗauki alkawarin ciyar da baburanmu ba. Laifin yana wurinmu, mu da muka gina rayuwar gari da ƙauye bisa abin da ba mu da iko da shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu bari in juyo kan masu cewa maganin abin shi ne a ƙara gina matata a kuma ƙara karya farashi. Matata ta biyu ba laifi ba ce, an ma daɗe ana zancen ta Doso, Allah ya sa mu gani. Amma matata shekaru take ɗauka da biliyoyin da sai an ranto, mu kuma buƙatarmu ba ta tsayawa jira. Ko an gina ta, mai abu ne da ake haƙowa ya ƙare. Duk litar da muka ƙona a gurup don kunna fanka, lita ce da ba mu sayar ba, kuɗin da da sun shiga lakwal ko likita. Batun karya farashi kuwa, ku dubi wanda ya fi cin moriyarsa. Mai kabu-kabu yana sayen lita biyu ko uku a yini. Mai babbar mota da gurup a gida yana shan abin da ya ninka haka sau da yawa. Matar ƙauye da ke daka da hannu tana girki da kara ba ta sayen ko ɗigo. In gwamnati ta ɗauki nauyin arhar mai, wanda ya fi sha shi ya fi samun rabo. Sannan jarka ta san hanya: duk gefen iyakar da mai ya fi arha, daga nan take ɗauka ta kai ɗaya gefen. Abin da ya ci Najeriya ke nan shekara da shekaru, har ta gaji ta yar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu cewa hasken rana dabarar Turawa ce don su hana mu cin arzikin manmu, ina da tambaya gare ku. Kun san Abdu Mumuni Diyoffo? Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Haifaffen Tasawa ne, a 1929, masanin kimiyyar fizik, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, tun daga 1969. A lokacin da mafi yawan ƙasashen duniya ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, shi da ma'aikatansa suna ƙera tukunyar dafa abinci da rana, da na'urar ɗuma ruwa, da injin da zafin rana ke juyawa, a nan Yamai. Ya rasu a 1991. Ɗan ƙasarmu ne ya riga mutane da yawa hango wannan hanya, mu muka bar aikinsa ya yi ƙura, muka tsaya ga sa wa gini sunansa. In akwai abin da ya zo mana daga waje, to gurup ne da jarka.

Ƙasarmu tana cikin waɗanda rana ta fi duka a duniya. Kowane murabba'in mita yana samun abin da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini, kusan duk shekara. Ba bututu, ba duwan, ba takunkumin da zai tare ta a iyaka. Amma har yau kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Me muka gina? Tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018. Tashar Gorou Banda mai megawat 30, da pano sama da 55,000, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023, a tsakiyar takunkumi, mutanen Yamai kuma sun shaida sauƙin da ta kawo. Su ma ɗin da kuɗin waje aka yi su, ta Malbaza da rancen Indiya, ta Gorou Banda da na Faransa da Tarayyar Turai. Madatsar Kandaji mai megawat 130 an aza tubalinta tun 2008, yaran da aka haifa a shekarar sun zama samari, ba su ga wutarta ba. Ku kwatanta da Maroko, wadda ba ta da man a zo a gani, amma tashar Warzazat kaɗai ta kai megawat 580. Ko Pakistan, inda tsadar wuta ta sa manoma da masu shaguna da kansu suka shigo da pano na wajen megawat 17,000 a shekarar 2024 kaɗai, ba su jira gwamnati ba. Habasha kuma a 2024 ta hana shigo da motocin gida masu shan fetur, saboda ta gaji da kwashe kuɗin waje wajen sayen mai alhali tana da wutar madatsa. Ba cewa nake mu kwafi kowa ido rufe ba. Ina nuna cewa masu ƙarancin rana fiye da mu sun yi lissafi sun motsa.

Mu yi lissafin a garka, inda ya fi shafarmu. A ce injinka yana shan lita 3 a yini. A farashin gidan mai, jika da rabi ke nan kullum, in ka samu. Noman rani na kwana 120 ya cinye jika 180, ban da baƙin mai, ban da kuɗin makaniki, ban da ranar da za ka bar garka ka tafi neman isansi. Shekara ta zagayo ka sake biya. Famfon rana kuwa sau ɗaya ake sayensa. Pano mai kyau yana kai shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Ba ya buƙatar batir, domin da rana ake ban ruwa, in kuma kana son na yamma sai ka tara a tanki ko tafki. Lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Kowa ya je kasuwa ya tambayi farashi ya raba da abin da yake kashewa a shekara, zai ga cikin kaka nawa kuɗinsa za su dawo. Ku yi wannan lissafi ga masu albasar Galmi, da masu zogale da tumatir na Jiratawa da Tibiri, da masu rake da kabewa na Matamai da Magarya, da masu tattasai na Diffa, ku ga yawan litocin da za su bar wuyan matata.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini a majalisa. Na farko: ai pano ɗin ma daga Sin ake kawo shi, ina bambanci? Bambancin a fili yake. Wanda ya sayar maka da pano ya gama da kai ranar da ka biya shi, ko ya yi fushi gobe ba zai iya kashe maka rana ba. Mai sayar maka da isansi kuwa kullum safiya sai ka koma ƙofarsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ko da a kasuwar wani ka sayi gatarin.

Na biyu: kayan sola ba su da ƙarko, an saya an yi asara. Wannan gaskiya ce, kuma ni ma ta ci ni. Na taɓa sayen batir a wani shago, an rubuta mishi ƙarfin da ba shi da shi, bai yi wata shida ba ya mutu. Kasuwanninmu sun cika da pano na jabu da batiran da zafinmu ke kashewa, ga masu haɗawa da ba su koyi aikin ba, suna sa siririyar waya inda ake son mai kauri. Amma in an sayar maka da jabun magani, likita kake bari ko ɗan jabu kake nema a kama? Aikin hukuma ne ta tantance abin da ke shigowa, ta tilasta wa mai shago ya ba da takardar garanti. Aikinmu ne mu daina bin mafi arha, domin arha ba ta ado. Ƙurar hunturu kuma tsumma da ɗan ruwa ne maganinta, ba ta kai wahalar wanke kafireto ba.

Na uku: da dare fa? E, rana tana faɗuwa, batir kuma yana da tsada. Ba wanda ya ce gobe da safe a rufe gidajen mai. Titan da ke ɗauko kaya daga Lome ko ya kai albasa Gana gazuwal zai sha, kuma zai daɗe yana sha. Abin da nake cewa shi ne a bar mai ga aikin da ba shi da madadi. Ɗaga ruwa zuwa shato, ban ruwa, niƙa, sanyaya allurar rigakafi, fankar aji, kwamfutocin ofis, duk aikin rana ne. Ƙona gazuwal don yin su a ƙasar da rana ke fasa dutse, almubazzaranci ne. Don dare kuwa muna da Kandaji in an gama ta, muna da gawayin Anu Araren da SONICHAR ke ƙonawa tun shekarun 1980, da na Salkadamna a jihar Tawa da ake ta zancensa. Kowane da illarsa, amma aƙalla a ƙasarmu suke.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi: talaka ba shi da kuɗin saye a dunƙule. Nan ne gizo ke saƙa. Manomi yana iya fitar da jika da rabi kullum, amma ba ya iya fitar da jika ɗaruruwa rana ɗaya, shi ya sa yake zama bawan jarka duk da ya san ta fi tsada. Wannan matsala ce ta rance, kuma tana da magani. Bankuna da asusun ajiya na ƙauyuka su ba da famfo bashi a biya bayan girbi. Ƙungiyoyin manoma su haɗa kuɗi su sayi ɗaya su raba ruwa. Mata sun daɗe suna adashi suna aurar da 'ya'ya da shi, mi zai hana a yi adashin pano? Alhazan Maraɗi da suka iya cika kasuwa da shinkafa da babura, su shigo da kayan kirki su sayar a biya kaɗan-kaɗan, riba na nan. Kuɗin da ƙasa ke ɗorawa kanta don lita ta yi arha, in aka karkatar da wani kaso zuwa wannan rance, manomi ya fita daga layi har abada.

Sai maganar tattali, wadda ba ta buƙatar rancen kowa, kuma a nan ne ba mu son a taɓa mu. Ku wuce ta gaban duk inda ake babban taro a Yamai ko a manyan biranen jihohi, ku ga manyan motoci a jere, injin na aiki, kilim na busawa, direba na barci, maigida na ciki yana jawabi kan kishin ƙasa. Ku shiga ofisoshi bayan an tashi, ku ƙirga kilim da fitilun da aka bari a kunne. Motar aiki tana kai yara lakwal, tana kai uwargida kasuwa, tana zuwa ƙauye biki, duk da takardar man gwamnati. Wanda ke son talaka ya ɗaure ciki, ya fara kashe injin motarsa.

Mu ma talakawa ba mu tsira ba. Rakiyar amarya sai an tara babura hamsin ana zagaya gari ana wasa da rai. Saurayi zai tayar da babur don sayen katin waya a bakin layi. Keke ya zama abin kunya, wanda ya hau shi an ce ya talauce, alhali iyayenmu da shi suka yi aikin gwamnati suka gina gidaje. Mai kabu-kabu yana yawo da taya ba iska, da matacin iska da ƙura ta toshe, yana kukan mai ba ya auki. Mun bar ginin ƙasa mai kaurin bango da ke riƙe sanyi, mun koma bulo da kwano ba rufin ciki, mun sare bedin tsakar gida don a zuba siminti, ɗaki ya zama tanda, sannan mu nemi gurup ya hura mana iska. Garuruwanmu suna faɗaɗa ba tare da motocin haya na cikin gari masu tsari ba, kowa da injinsa, mutum ɗaya lita ɗaya. Ba takunkumi ne ya ja mana wannan ba.

Ban manta da 'yan ruwa-ruwa ba. Dubban samari ne suka ci abinci da wannan sana'a, suka yi aure, suka riƙe iyaye, duk da haɗarin gobara da na hanya. Zaginsu ba shi da amfani, rashin aiki ne ya kai su. Amma sana'ar da jawabin minti ɗaya a Abuja ya durƙusar da ita ba abin da za a gadar wa ɗa ba ne. Kowane pano da aka kafa yana son mai haɗawa, mai gyara, mai wankewa, mai ƙera ƙarfen da zai zauna a kai. Cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu su buɗe wannan fanni da gaske, da kayan aiki a hannu, a ɗauki waɗannan samari a fara da su. Yaron da ya iya kwance injin babur ya mayar, haɗa famfon rana ba zai gagare shi ba.

Ga abin da nake roƙo, kuma ina so mu riƙa tambayar duk wanda ya zo neman goyon bayanmu. Kowane foraj da shato na gari ko ƙauye ya koma aiki da rana. Kowace likitar karkara ta sami pano da firigon allura, kada a sake karɓar haihuwa da fitilar salula. Kowane sabon ginin gwamnati a sa pano a cikin kuɗin gininsa tun daga takarda. A ware wani sanannen kaso na kuɗin ɗanyen mai don tashoshin rana a Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Diffa, a riƙa faɗa wa jama'a nawa ya shiga, nawa aka kashe. A ƙayyade man motocin hukuma, a buga lissafin kowa ya gani. Magadan gari su tsara motocin haya masu ɗaukar mutane da yawa. Gas ɗin girki da matatarmu ke fitarwa ya isa ƙauyuka, domin dajin da matanmu ke ƙonawa shi ma ƙarewa yake.

Wanda ke ganin ba za mu iya ba, ya fita bayan gari ya dubi gonaki. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 an ce kudancin Nijar ya gama zama hamada. Manoman Maraɗi da Damagaram suka karɓi sassaben zamani, suka daina tumɓuke kututture, suka riƙa barin tsiron gawo da kalgo da sabara suna gyara shi. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo. Ba da biliyoyi aka yi shi ba. Manomi ya ga maƙwabcinsa ya gwada ya ci riba, shi ma ya bi. Hanyar da pano zai bi ke nan, in aka sauƙaƙa wa na farko ya saya.

Kawu dai ya yi nasa lissafin. Bayan asarar tumatirin nan ya sayar da tumaki, 'ya'yansa da ke bida a waje suka cika mishi, ya kafa pano a bakin rijiya. Injin isansin yana nan a ɗaki cikin buhu saboda ranar hadari. Da na koma gaishe shi na tarar ruwa na gudu a kwali, ba ƙara ba hayaƙi, shi kuma yana zaune a inuwa yana gyaran igiya. Maƙwabtansa biyu sun riga sun zo tambayar farashi.

Layin mai zai sake dawowa, ko baɗi ko baɗin baɗaɗa, domin abin da ya haddasa shi bai gushe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da garka ya yi lissafinsa tun yanzu, wanda ke da ofis ya kashe kilim in zai fita, wanda ke da iko ya tuna Agustan 2023 da Maris ɗin 2025. Masu ganin na yi kuskure, ga fili nan, ku kawo naku lissafin mu duba tare.